Tabon Bijimi

"Tsaya nan," in ji Alhaji dillalin shanu. "Goge wannan tabon."

Mai zanen ya ƙara girman hoton a kwamfuta. Allon talla ne za a kafa a bakin kasuwar shanu ta Garwa: Alhaji cikin babbar riga, garke a bayansa. A waya, tabon da ke cinyar wani bijimi a garken bai fi ƙuda ba. Da ya cika gilashin, sai ga ƙunar ƙarfe, jinjirin wata da ɗigo biyu.

Mai zanen ya gane shaidar. Shi ya danne wannan bijimin yana maraƙi, ranar da babansa ya ɗora masa shaidar gidansu, kafin 'yan fashi su kore garken a hanyar Rey Bouba, su bar tsohon kwance cikin jini.

"A ina aka sayo shi, Alhaji?"

Alhaji ya dafa kafaɗarsa da ƙarfi. "Aikinka zane ne ko tambaya?"

"Gobe za a kafa allon, Alhaji."

Ranar kasuwa aka ware allon, shaidar ta kai faifai girma. Makiyaya suka riƙa tsayawa, suna jingina da sandunansu. Faransancin da ke sama ba su iya karantawa ba. Wannan kam sun iya.