Matar da Inna ta Samo wa Labbo

Inna ta dire ƙwaryar goro gaban ɗanta Labbo, bakinta har kunne.

"Na samo maka mata. Yarinyar nan ta cikin waya, mai gaya mini farashin albasa a kasuwar Argungu. Ga ladabi, ga haƙuri, ko sau goma na tambaye ta ba ta ƙosawa. Nemo gidansu."

Labbo ya yi dariya har da hawaye. "Inna, ba mutum ba ce, manhaja ce. Ni na haɗa ta. Karatun kwamfutar da na yi ke nan."

Inna ta kalli wayar, ta kalle shi.

"Ashe jikata ce. To, yaushe aka yi suna ban ga rago ba?"