Kujerar da Dogo Ya Ƙi Mayarwa Baya

Ranar darasinta na ƙarshe, ta fito ta tarar da malamin tuƙinta, wanda kowa ke kira Dogo, ya faka mota a ƙofar gidansu. Gwiwoyinsa sun tokare sitiyari, ya takure kamar an cusa raƙumi a akurki. Da ƙyar ya zaro ƙafafunsa ya ba ta wuri.

Tana zama ta ji komai daidai. Ƙafarta ta kai birki ba tare da ta miƙe ba, bayanta ya kwanta a jikin kujera. Yadda ta bar ta makon jiya, bayan sun sha wahalar daidaita ta, haka ta same ta.

"Malam, a haka kake yawo? Ka matsar da ita baya mana."

"Ƙarfen ne ya yi tsatsa," ya ce, idonsa na kan titi.

Ta zura hannu ƙarƙashi ta ja, kujerar ta zame sumul. Ta dube shi. Ya sosa ƙeya.

"To, ba tsatsa ba ce. Tsoro nake in matsar, in rasa wurinki. Daga yau kuma ba ni da hujjar zuwa ƙofar nan, sai in kin yarda in zo in ga Baba."

Ta jawo kujerar a hankali har ta shiga gurbinta, tana ɓoye murmushi.

"Ka zo. Amma ka sani, kujerar nan ta zauna ke nan."

"Gwiwoyin sun riga sun saba," in ji Dogo.