Hannun Daman Baba

Na shiga ɗakin Baba da lambar yabo a hammata, ina tafiyar wanda aka tafa wa. Furfura ta riga digirin zuwa, amma yau jami'a ta zaɓe ni cikin ɗaliban digiri na uku, ta ba ni tallafin ƙarasa bincikena kan yadda iyali za su taimaki mai shanyewar ɓarin jiki. Gida sittin na zaga ina koya wa 'ya'yan mutane motsa gaɓɓan iyayensu. Namu ne kawai ban samu zuwa ba, saboda nisa: titi biyu ne tsakaninmu.

Ƙanwata na bakin gado tana yanke masa farce.

"Dakta ya iso," in ji ta. "Zauna a hankali, kada rigar ta yamutse."

Na zagaya ta hagunsa, ɓangaren da ciwon bai taɓa ba, na miƙa masa lambar. Baba ya dube ni, ya ɗago hannun daman da na fid da rai da shi tun bara, ya karɓa. Yatsun na rawa, amma sun riƙe.

"Tun yaushe?" na tambaya.

"Wata biyar ke nan yana cin abinci da shi," ta ce. "Takardun da ka manta a nan bara su na bi, Yaya. Aikinka yana ci, wallahi."

Baba ya ɗora lambar a cinyarta.

"An ba baƙo ruwa kuwa?" ya tambaye ta.