Tafarnuwar da Aka Hana Zama

Zauna mana, Sallau, ka daina kaɗa makullin shagon nan, kana sa ni jiri. Bara ka ce ɗinki, da damina ka ce kiwon kaji, yau kuma ka zo wa kawunka da maganar sayar da keken ɗinkin ka sayi babur. Kafin ka je ko'ina, tsaya in ba ka misalin wani mai lambu.

Mutumin nan manomin albasa ne a wata fadama, kuma ya iya albasa, wannan kam ba a ƙwace masa. Sai dai Allah ya yi shi da ƙaiƙayin hannu, in ya shuka abu da safe so yake ya gan shi a kasuwa da la'asar. Yana da yaya mace wadda mijinta ya rasu ya bar mata kwando ɗaya na irin tafarnuwa mai jan ɓawo. Shekara talatin marigayin ya yi yana ware manyan kawunan yana rataye su a rufin madafa don shukar baɗi. Babu irinta a duk yankin, kuma da ita ake cin tuwo a gidan. Matar ba ta da ƙarfin ban ruwa, sai ta ɗauko kwandon ta kawo wa ƙanenta, ko kai ɗaya ba ta rage ba. To, ita tafarnuwa 'yar sanyi ce, sanyinmu kuwa ka san shi, baƙo ne, kafin wata uku ya naɗe tabarmarsa. A ɗan tsakanin nan take kafa saiwa, ta yi ganye, sai can wajen ƙarshe ta ɗaura kai ta rabu ƙwaya-ƙwaya. In zafi ya riske ta ba ta gama ba, an yi asarar shekara. Ya shuka a kan kari, fangali goma sha biyu, ta tsiro gwanin sha'awa. Da ya tsaya nan da ba ni da labarin ba ka. Amma ina! Kwana ashirin bai cika ba ya sa yatsa ya tono guda ya duba, ya ga ba komai sai fararen saiwoyi. Washegari ya tono wata. Ya leƙa lambun maƙwabcinsa, idonsa ya nuna masa na can ya fi kore. Ya kasa zaune ya kasa tsaye, ya yanke cewa laifin ƙasar ne, laka ta yi mata yawa. Da yake hannunsa ya saba da dashen albasa, sai ya tumɓuke tafarnuwar ya kwashe ta zuwa jigawar bakin rafi ya dasa. Maƙwabcin nasa, wani dattijo, ya ɗago daga bakin rijiya ya ce masa, "Malam, wannan ba albasa ba ce, inda aka sa ta nan take kwana. Bar ta ta sha sanyinta." Ya ce to, ya ci gaba da abin da yake yi.

Kwana goma tafarnuwar ta yi a kwance kamar marar lafiya kafin ta sake kama ƙasa, kuma kwanakin nan daga cikin sanyin aka cire su, ba mai mayar da su. Tana miƙewa ya sake tonawa, ya ga har yanzu ba kai. Hankalinsa ya tashi, ya ce yashi ba ya riƙe ruwa, ya sake ɗaga ta zuwa gindin rijiya, ya labta mata taki, ya yi ta ɗura mata ruwa safe da yamma. Wallahi na ƙi jinin irin wannan ƙwazo, mutum ya fi kowa gumi ya fi kowa ɓarna. Ana nan, wata safiya ya fito ya tarar mutane sun ajiye barguna, ana alwala da ruwan randa ba mai neman a ɗumama. Sanyi ya tafi. Ganyen ya ƙone tun lokaci bai yi ba. Da ya haƙa, rabinta ya ruɓe, sauran kuwa ƙanana kamar gujiya, ko ƙwaya biyu ba su raba ba. Ranar da yayarsa ta zo da kwandonta, ya rasa inda zai sa fuskarsa don kunya. Ba ta yi masa faɗa ba. Ta bi fangalin farko da ya watsar tana dubawa, sai ga wasu ganyaye a bayan shingen ƙaya. Ashe 'yan ƙwayoyi ne da idonsa ya tsallake ranar tumɓuka, suka zauna inda suke suna shan ruwan da ke tsiyaya daga lambun dattijon. Ta haƙa da hannunta, ta fito da kai bakwai, kowanne ya cika tafi. Ta ƙulle su a gefen mayafinta, ta dube shi ta ce, "Waɗannan ne Allah ya ɓoye maka." Ta bar masa kwandon ta tafi, kuma sai da ta shekara huɗu tana juya kai bakwai ɗin nan kafin ta sake cika kwando.

Kai ma sau biyu ke nan kana tumɓuke kanka, Sallau, ga iyali suna jira da kwando. Koma ka buɗe shagonka. Hausawa dai sun riga sun faɗa: sauri ya haifi nawa.