Jan Furen Baba a Lambun Zobe

Wata rana bayan la'asar, ina ɗan shekara bakwai, na tarar jan furen da Baba ya shuka gefen albasa a lambunmu na Zobe ya zube, sai busasshen ƙoƙo guda a kan kara. Na kama zan tumɓuke in yar.

Baba ya ce, "Kul, ɗan nan. Irin baɗi ke nan, ba ni da wani."

Ya girgiza ƙoƙon a kunnena, na ji yana kacau-kacau. Ya zazzage irin a takarda, ya rubuta "fure" da ajami, ya sa mini a aljihu.

"In Allah ya kai mu sanyi, ka cuɗa shi da yashi ka watsa, kada ka binne."

Allah ya kai ni, bai kai shi ba. Har yau jikokin irin nan nake watsawa. Allah ya jiƙan Baba.