Mu Ne Danginka a Nan

Fiddausi ta fito zauren gidansu a Tudun Wada, ta tarar da Muzammil, ɗalibin jami'a ɗan Sudan, yana jiran amsa.

"Baba ya ƙi," ta ce, idonta a ƙasa. "Wai ba a turo ɗalibai neman aure. Ka turo manyanka."

"Yaƙi ya watsa manyana, kin sani. Ranar da kwamitinku na taimakon baƙin ɗalibai ya tarbe ni a tasha, ke kika ce mini, 'Mu ne danginka a nan.' Shi ya sa na turo 'yan kwamitin."

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Duk baƙon da ya sauka haka muke gaya masa, Muzammil."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Ashe ni kaɗai na yarda."