Mai Gyaran Agogo a Tsallaken Titi

"Wacce ta fi jawo abu daga nesa?" na tambayi mai shago.

Ya miƙo min 'yar ƙaramar kyamara. "Wannan ko ƙuda ne a kan bene sai kin ga ƙafarsa. Tsuntsaye za ki ɗauka, 'yan mata?"

Na ce e.

Ba tsuntsu ba ne. Babana ne, mai gyaran agogo a tsallaken titi. Tun ina goye suka rabu da Umma. Kullum da safe sai in laɓe bayan rumfar mai jarida, in jawo fuskarsa har ta cika hoton, in danna. Kullum in ce gobe zan gaishe shi.

Na yi kwana biyu ban zo ba. Ranar da na iya tsallakawa, teburinsa a rufe. Mai facin da ke gefe ya kalli kyamarar, ya sauke murya.

"Ke ce mai hoton? Sai haƙuri. Shekaranjiya Allah Ya yi masa rasuwa."

Ya nuna kyamarar da ke hannuna, ya ci gaba.

"Gilashin abin nan yana walƙiya in rana ta buge shi. Tun farko ya gan ki, ya ce uwarki sak. Muka ga mutum kullum da gogaggiyar riga, muna tsokanarsa ango. Ya ce, 'Ku bar ni, 'yata ce. Kunya gare ta irin tawa.' Ga kujerar da yake ajiye miki nan."

Na duba hotunan duka. Na jawo shi kusa da yawa. Babu ko ɗaya da kujerar ta fito.